Wa ke biyan lauya idan kamfani ne ya ɗauki nauyin bizar aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniyan kwamfuta ne a nan Kano. Wani kamfani a Amurka ya ɗauke ni aiki, zai nema min bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, amma sun ce kuɗin lauya za a riƙa cirewa daga albashina. Haka ake yi? Daga wani mai karatu, Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A wannan tsari, ba kai ke shigar da buƙatar ba. Kamfani ne ke kai takarda Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, daga nan ya wuce hukumar shige da fice ta USCIS ya ce yana buƙatar ka. Lauyan nan aikin kamfanin yake yi, shi ya sa doka ta sa kuɗinsa cikin ɗawainiyar kamfani. Ba a yarda a cire shi daga albashinka ba matuƙar cirewar za ta sa albashin ya gaza abin da doka ta wajabta a biya ka. Abin da ta wajabta kuwa shi ne wanda ya fi yawa tsakanin albashin da aka saba biya kan irin aikin a wannan yanki da abin da kamfanin ke biyan takwarorinka. Ka ga kenan da wuya a cire ba a taka doka ba.

Akwai ma wanda babu wannan 'yar ƙofar. Kuɗin horaswa da gwamnatin Amurka ke karɓa daga kamfanin da ya nemi H-1B, dala 750 ga kamfani mai ma'aikata 25 ko ƙasa da haka, dala 1,500 ga wanda ya fi haka, haramun ne a karɓa daga hannunka ko da ka ce ka yafe. Haka nan idan an zo neman takardar zama ta dindindin, tun 2007 matakin farko na Ma'aikatar Ƙwadago duk kuɗinsa na kamfani ne, har da na lauya.

Wanda zai iya faɗowa kanka shi ne kuɗin neman biza a ofishin jakadanci na Abuja ko na Legas, da na matarka da yara, da kuɗin duk lauyan da ka ɗauka don kanka. Kamfanoni masu mutunci sukan biya har waɗannan, amma kyautatawa ce.

Tunda mutanenmu Ingila da Saudiyya suka fi nufa, bari in ƙara. A Ingila, daga 31 ga Disamba 2024, an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar ɗaukar nauyi, wato CoS, sai dai kuɗin biza da harajin lafiya galibi ma'aikaci ne ke biya. A Saudiyya, sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci, da iƙama, da lasisin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida bayan kwantiragi ya ƙare. Duk da haka sai ka ga mutum ya sayar da fili a Rijiyar Zaki ya miƙa wa ejan miliyoyi, ba ko rasit. Wannan yana ci min rai.

Kai dai kafin ka sa hannu, ka nemi su rubuta maka kowane kuɗi da wanda zai biya shi, ka kuma karanta sharaɗin abin da za ka mayar in ka bar aikin da wuri, don a nan ake ɓoye kuɗin lauya. In suka ƙi rubutawa, ka ba wani lauyan shige da fice na Amurka kwantiragin ya duba.