Yadda za ka riƙa gyara rubutunka na Turanci

Ɗan'uwa, ka ce kana fahimtar Turanci idan ka karanta, amma da zarar ka ɗauki biro sai kurakuran nahawu su yi maka yawa, kuma kana neman hanyar da za ka bi kullum.

Shawarata ita ce ka riƙa rubuta sakin layi ɗaya a kowace rana game da abin da ka yi ko ka gani, sannan ka ajiye shi sai washegari ka duba, domin ido bai cika ganin kuskure ba a lokacin da aka gama rubutu. Ka ware littafi na musamman inda za ka riƙa rubuta kowace jimla da ka kuskure tare da gyaranta. Nan ba da jimawa ba za ka lura cewa kurakurai kaɗan ne suke ta maimaituwa. Mafi yawansu su ne barin "s" a jimla irin "she works", da faɗin "did you went" maimakon "did you go", da mantawa da "a" ko "the", da kuma rubuta "informations" ko "advices", alhali "information" da "advice" ba su da jam'i.

Manhaja irin Grammarly ko shafin Write & Improve na Cambridge suna taimakawa, sai dai kada ka karɓi gyara ba tare da ka fahimci dalilinsa ba, don manhajar ma takan yi kuskure. Idan kuwa jarrabawar gwajin iya Turanci irin IELTS kake shirya wa, ko takardar neman aiki, ka nemi ƙwararren malami ya duba maka.