Nima na taɓa jin wannan nauyin ƙirjin

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, na ga tambayarki tun jiya, kin ce tunda aurenki ya mutu ƙirjinki kamar an ɗora dutse, barci ya ƙaurace miki, ba kya son ganin kowa. Allah ya yaye miki. Nima haka na yi bayan rasuwar Babanmu, wajen wata huɗu ina kwance a ɗaki, ba ciwo ba lafiya, ko wanka sai Umma ta yi da gaske.

Antina ce ta fito da ni, kuma wlh ba da lallashi ba, cewa ta yi daga gobe babu kuɗin adaidaita, islamiyya da ƙafa za ki je. Tafiyar minti 25 ce daga gidanmu a Gwammaja, ranar farko ina tafe ina jin haushinta har da ƙwalla cikin hijabi. Ban ga wani canji ba sai a sati na biyu, wata rana na dawo na yi Isha'i kawai sai farkawa na yi na ji kiran Asuba, rabona da irin wannan barcin na manta.

Daga baya wata ma'aikaciyar jinya take min bayani cewa damuwa tana sa jiki ya riƙa sakin sinadarin kotisol, tana kuma sa wuya da kafaɗu su ɗaure, motsi kuma yana sa ƙwaƙwalwa ta saki endofin mai sanyaya rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 na motsa jiki ta ce a sati, wato minti 30 sau biyar. Kar ki jira sai kin ji sha'awar fita, ba za ta zo ba, ni dai ban taɓa jin ta ba kafin in saka takalmi.

In kina idda ko ba a barin ki fita, ga turmi nan. Ranar da abin ya taso min gero nake ɗebowa in surfa har gumi ya jiƙa ni, ko in ja ruwa a rijiya, ko tsallen igiya da ƙannena suna min dariya.

Amma fa in kin wuce sati biyu ba kya cin abinci ko kina jin gara mutuwa, tafiya kaɗai ba za ta isa ba, ki ga likita, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne ki je, zuwa can ba hauka ba ne. Ki samu takalmi mai taushi, silifas sai da ya yi min kanta.