Kwana huɗu a Stockholm: a je a Disamba ko a Yuni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, na daɗe ina tara ɗan abin da ya samu don in kai uwargida yawon buɗe ido Turai. Ita ta zaɓi Stockholm, babban birnin Suwidin, saboda hotunan gidajen bakin ruwa da ta gani. Hutuna zai iya faɗowa a Disamba ko a Yuni, kuma kwana huɗu za mu yi a can. Wanne ya fi? Yaya kuma za mu yi da salla, abinci da kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Uwargida ta iya zaɓe, amma in kana son ta ga abin da ta gani a hoto, ku tafi a Yuni. Ba sanyi kaɗai nake guje muku ba, duhu ne. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Stockholm sai wajen tara saura kwata na safe, kafin ƙarfe uku na yamma kuma ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk cikin kimanin awa uku za ka sallace su. Garin da aka gina a kan tsibirai 14, wanda duk kyansa a ruwa da haske yake, ka ga an yi asarar kuɗin jirgi in rabin yinin a duhu za a yi shi. Dusar ƙanƙarar da mutane ke ɗoki ma ba tabbas ba ce, wani Disamban sai dai yayyafi da caɓi. Rigar sanyin hunturunmu kuwa ba ta kai ko'ina a can.

A Yuni lamarin juyewa yake. Rana kan fito wajen uku da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, kuma ko ta faɗi sama ba ta yin baƙi ƙirin. Nan matsalar salla take, don shafaƙi ba ya ɓacewa yadda muka sani, manhajar waya kuma sai ta ba ka lokacin isha'i da asuba da ba su da kan gado. Kada ka wahalar da kanka da lissafi, ka bi jadawalin babban masallacin garin. Yana tsibirin Södermalm, daf da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Medborgarplatsen. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce aka mai da ita masallaci a 2000, ana kiran sa da sunan Sheikh Zayed na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ku riƙe ƙaramar buta ko gorar roba a jaka, bayin can takarda ce kawai. Abu ɗaya za ka kiyaye a Yuni: bikin tsakiyar bazara, wanda jajiberinsa ke faɗowa ranar Juma'ar da ke tsakanin 19 da 25 ga wata. Mutanen gari kan watse zuwa ƙauyuka, shaguna da yawa a rufe. Ku riga shi zuwa ko ku bari ya wuce.

Biza ta Shengen ce, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, kuma ana neman ta ne ta ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, shaidar masauki da bayanan asusun banki. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, don haka kada ka jira sai tafiya ta matso. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango a Addis Ababa, Istanbul, Doha ko wani birnin Turai. Filin jirgin Arlanda na da nisan kilomita 40 daga gari. Jirgin ƙasa na Arlanda Express yakan kai ka cikin ƙasa da minti ashirin, amma da tsada. Bas ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, in ba sauri kuke ba.

Kuɗinsu krona ne, ba yuro ba, kuma ko kronar ma kada ka cika aljihu da ita. Wurare da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi gaba ɗaya, har bayan gida na haya da kati ake biya. Ka tabbatar da bankinka cewa katinka zai yi aiki a waje, ka kuma riƙe na biyu ko da tsautsayi. Da katin nan za ka taɓa a ƙofar tasha ka shiga jirgi, tikiti ɗaya na aiki minti 75 a bas, jirgin ƙasa da wasu jiragen fito. Ruwan famfo garau yake, sayen ruwan roba ɓarnar kuɗi ce.

In ka tambaye ni abu guda da ba zan yarda ku dawo ba ku gani ba, jirgin ruwan Vasa ne, da ke ajiye a gidan tarihi a tsibirin Djurgården. Sarki Gustav Adolf na biyu ne ya sa aka ƙera shi don yaƙi, da igwa 64 a hawa biyu, an yi masa ado da sassaƙe-sassaƙe kamar gidan sarauta. Nauyi ya yi yawa a sama, ƙasan kuma bai ɗauki duwatsun da za su danne shi ba. Kafin tashinsa an gwada shi, aka sa mutum talatin suna gudu daga gefe zuwa gefe, zagaye uku kacal aka tsayar da su don jirgin na neman kifewa. Kowa ya gani, amma sarki na jira, wa zai ce a fasa? Ranar 10 ga Agusta 1628 ya tashi, bai wuce mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo. Shekara 333 ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin a ciro shi a 1961, kusan duk katakonsa na asali, saboda ruwan tekun Baltik ba shi da gishirin da tsutsar cin katako ke so. Ku je da sassafe kafin layi ya yi tsawo. Kusa da shi akwai Skansen, da aka buɗe a 1891, inda aka kwaso tsofaffin gidajen ƙauye daga sassan ƙasar aka sake kafa su. Yini guda ke nan.

Wani yinin na tsohon gari ne, Gamla Stan, da lungunansa masu daɓen dutse, ɗaya daga ciki faɗinsa santimita 90 ne a inda ya fi matsewa. Fadar sarki na nan da ɗakuna sama da 600, ko da yake sarkin a fadar Drottningholm da ke wajen gari yake kwana. Ku yi kallo a nan, amma kada ku ci abinci ko ku sayi tsaraba a babban layin masu yawon buɗe ido, farashin baƙo ne. Daga nan a taka zuwa zauren birni, Stadshuset, inda ake walimar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba. Kyautar adabi da Wole Soyinka ya karɓa a 1986 a garin nan aka ba shi, ta zaman lafiya ce kaɗai ake bayarwa a Oslo. Yini na uku ku hau jirgin ruwa zuwa Vaxholm, tafiyar kimanin awa guda, ku ɗanɗani tsibiran bakin teku da yawansu ya kai wajen 30,000. Na huɗun ku bar shi sake, uwargida za ta so kasuwa.

Batun ci, a kula da ƙwallayen naman da suka yi suna da su, köttbullar, galibi ana haɗa naman sa da na alade. Ka haddace kalmomi uku ka riƙa duba su a takardar abinci da jikin kaya: fläsk, gris da skinka, duk alade suke nufi. Kifi shi ne mafita mai sauƙi, kuma sun iya shi. Wuraren halal na Turkawa, Larabawa da Somaliyawa suna nan kusa da masallacin da kuma unguwanni irin su Rinkeby da Kista. Don rage kashe kuɗi, ku ci mai nauyi da rana, lokacin da gidajen abinci ke sayar da dagens lunch, wato abincin rana na ranar, a farashi mai rahusa, da dare a wadatu da abin da aka saya a kanti. In kun shiga kantin magani ko wurin canji ba ku ga layi ba, ba wai babu ba ne. Ka nemi ƙaramar na'ura a bakin ƙofa ka ciri lamba, ka jira ta fito a allo.