Tsagewar dubura: ba kowane jini ba ne basir

Tambaya: Likita, in ina bayan gida sai in ji kamar ana yanka ni da reza, in ga jini jawur a ruwan tsarki, raɗaɗin kuma ya daɗe bai lafa ba. Na sha maganin basir har na gaji. (Magidanci, Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: Malam, wannan ya fi kama da tsagewar dubura. Busasshen bahaya ne ke yaga fatar wurin, sai tsokar da ke tsuke dubura ta ɗaure, jini ya kasa isa ga ciwon, shi ya sa yake ƙin warkewa. Mutum kuma ya riƙa tsoron shiga bayi, bahayan ya ƙara tauri. Ka yawaita shan ruwa, domin sanyin Jos kan mantar da mutum ƙishirwa. Ka riƙe gwaten acca mai ganye, da wake, da zogale, da gwanda. Tramadol da kodin kuwa ka guje musu, cushe ciki suke yi. Masu lasifika a tasha komai basir ne a wurinsu, don haka ka je a duba ka.

Tambaya: Na je asibiti sai aka haɗa ni da nas, ba likita ba. Ta ba ni man shafawa, ga shi yana sa ni ciwon kai. In daina? (Matar aure, Bukur)

Amsa: Hajiya, ba raina ki aka yi ba. Yawancin masu wannan ciwo ba sa buƙatar tiyata, kuma ƙwararriyar nas ta fi mu samun lokacin zama da mara lafiya ta bi diddigin cinsa da shansa. Da alama man GTN ne, mai sassauta tsokar. Sau biyu ake shafa shi a rana, mako 6 zuwa 8, kuma an san shi da sa ciwon kai. Ki sha farasitamol, ki koma ki gaya mata. Akwai man diltiazem da za a iya canza miki. In wa'adin ya cika ba sauƙi, ita da kanta za ta tura ki wurin likitan tiyata. Haka nan in jinin da ke fita baƙi ne, ko kina ramewa, kada ki jira.

Tambaya: Tun da na haihu nake fama da tsagewar dubura. Shiga ruwan zafi zai taimaka? (Mai jego, Gangare)

Amsa: Sosai, amma mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, minti 10 zuwa 15, musamman bayan kin yi bayan gida. Kada ki zuba Dettol ko kanwa a ciki. Tun da kina shayarwa, ki faɗa wa nas kafin a rubuta miki kowane magani.