Mu sayar da gidan Alajo ko mu ɗora masa bene?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Gidan gadonmu yana Alajo, kusa da kogin Odaw. Bana sau biyu ruwa ya shiga ɗakuna. Yayana ya ce mu sayar mu koma garin Kasuwa (Kasoa), ƙanena ya ce mu ɗora bene. A rediyo wani ya ce ruwan sama zai ƙaru, wani ya ce fari ne ke tafe. Wa za mu bi? Daga 'yarka a Alajo, Akra.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ku bi ko ɗaya tukuna. Masu maganar rediyon nan duka suna da gaskiya. Dubi madatsar Akosombo: a 2007 ruwanta ya ja baya har aka riƙa raba mana wuta bi da bi, a 2023 kuma ta cika har aka buɗe ƙofofinta, ruwa ya ci garin Mepe. Madatsa ɗaya ce fa. Masana sun tabbatar zafi na ƙaruwa, kuma ruwa kan zubo da yawa cikin ɗan lokaci, amma yawan da zai sauka a Alajo nan da shekara ashirin, ko hukumar hasashen yanayi ba za ta rantse miki a kansa ba.

Na yi shekaru ina aikin awon magudanan ruwa, abin da na koya shi ne a fara da aikin da ba za a yi nadamarsa ba ko damina ta zo da yawa ko ta ƙi. Ku ɗaga dokin ƙofa da layi biyu na bulo. Ku sa mai gyaran wuta ya mayar da soket sama da ƙirji. Takardun gida da na makarantar yara su shiga leda, su hau saman kabad. Ku sa tanki a bakin indararo: ranar ruwa ya rage abin da ke kwarara tsakar gida, ranar da famfo ya ƙafe ya shayar da ku. In za ku taɓa gini, magini ya kafa ginshiƙan da za su iya ɗaukar bene nan gaba, amma kada a ɗora shi yanzu.

Sai babban aikin, wanda gwangwanin fenti ɗaya ya ishe shi. Ku sami tsofaffin gidan su nuna inda ruwa ya tsaya a bango daren 3 ga Yunin 2015, daren da ambaliya da gobarar gidan mai a Sakal (shataletalen Kwame Nkrumah) suka kashe mutum fiye da 150. Ku ja layi a wurin. Kowace ambaliya bayan wannan, a ja mata nata layin da kwanan wata. Sannan ku ukun ku zauna yanzu, da rani, ba ranar da katifa ke yawo a kan ruwa ba, ku rubuta: in ruwa ya ƙetare sabon dokin ƙofa sau biyu cikin shekara uku, a ɗora bene, in ya kai taga, a nemi mai saye. Limamin unguwa ya zama shaida, domin na san 'yan'uwa da maganar gado. Kuɗin kuma a riƙa tara shi a susu, wato adashi, kada biki ya cinye.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Haka Landan ke yi da shingen kogin Tems: suna auna tashin teku, sun riga sun tsara matakin da za su ɗauka a kowace gaɓa, suna sake duba tsarin lokaci zuwa lokaci.

Wata magana kuma, ba komai ne laifin yanayi ba. Robar fiyawota da muke zubawa a gota tun daga unguwannin da ke sama da ku, ai a ƙofarku take taruwa kafin ta kai tafkin Korle. Bankin Duniya ya ba da bashin dala miliyan 200 a 2019 don gyaran yankin Odaw. In yasar kogin ta ɗore, layukan bangonku za su fara sauka, yayanki ya ajiye maganar Kasuwa. Shi ma ya fara tambaya ko filin da yake hange can ba fadama ba ce aka cike.

Bayan ƙaramar damina, a Nuwamba, ki aiko mini da hoton bangon.