Akuya mai cin leda, kare mai cin duwatsu: Amsoshin likitan dabbobi

Likita, kajina sun fara fasa ƙwansu suna shanyewa. Ko baki aka yi musu? (Wata uwargida daga Funtuwa)

Ba baki ba ne, Hajiya. Yawanci kalsiyam, sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, shi ne ya yi musu ƙaranci. Ki gasa ɓawon ƙwai, ki daka shi lukwi, ki zuba a dusarsu. Ki kuma riƙa kwashe ƙwan da wuri, don kazar da ta ɗanɗana ba ta mantawa.

Kyanwata ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba. In ba ta farasitamol? (Ɗalibi daga Maraɗi)

Kada ka kuskura. Ƙwaya ɗaya tak na iya kashe kyanwa. Kai ta asibitin dabbobi.

Akuyata ba ta barin leda, takarda, har zanen da aka shanya. Yanzu ta rame amma cikinta tim. Maƙwabci ya ce in ɗura mata kalanzir. (Wani bawan Allah daga Gusau)

Malam, kalanzir na fitila ne. Ba ya narkar da leda, kuma idan ya sarƙe ta ya gangara huhu, akuyar ka rasa. Yunwa da ƙarancin gishirin jiki, musamman da rani, su ke sa dabba cin shara. Ledar kuwa tumbi ba ya sarrafa ta, sai ta dunƙule ta tare wurin abinci, abin da mahauta ke gani kullum in sun farke ciki. In ta taru da yawa, tiyata ce kaɗai ke fitar da ita. Kai ta likita ya duba. Sauran ka ɗaure su a gida, ka ba su harawa, ka ajiye musu gishirin lasa.

Karen gadinmu ya koma cin itace da duwatsu da ƙasa, yana dalalar da yawu. Shekaranjiya ya ciji ɗana mai shekara 7 a hannu. Mun ƙona gashin karen mun shafa, ciwon har ya kame. Me za mu ba karen? (Wata uwa daga Bichi)

'Yar'uwa, bar maganar karen tukuna. Ki ajiye wayar nan ki ɗauki yaron zuwa asibiti yau.

Kare mai lafiya yakan ci ciyawa jefi-jefi, wannan ba komai. Amma karen da halinsa ya sauya rana ɗaya, yana taunar duwatsu, yawu na zuba, har ya ciji yaron gidansu da ya saba da shi, dole mu ɗauke shi a matsayin mai ciwon haukan kare har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Wannan al'ada ta shafa gashin kare tana ƙona mini rai ƙwarai. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen. Da ta shiga ta wurin cizo, sai ta kama jijiya tana hawa a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Toka a saman fata ina za ta same ta? Kamewar ciwon ce ma ke yaudarar iyaye, domin cutar takan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ranar da yaro ya fara firgita da ganin ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Amma in an yi allura kafin alamu su bayyana, tana tare cutar.

Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ko da an makara. A asibiti ki faɗa musu yadda karen ke yi, ki nemi allurar cizon kare. Ba ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranaku daban-daban, kuma sai an cika. Na san kuɗinta da nauyi, na san ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba. A nemi bashi, a tafi babban asibiti. Addu'a a yi ta, amma a kan hanyar asibiti. Duk wanda karen ya yakusa ko ya lasar masa rauni, shi ma ya je.

Karen kuma kada wani ya kama shi da hannu ko ya ɗura masa komai. A kulle shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Sukan sa ido a kan kare kwana 10, amma yaron ba zai jira kwanakin nan ba. Sauran karnukan unguwa a yi musu rigakafi, tun daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa allurar karnukan.

Ki rubuto mini bayan an yi wa yaron allura ta farko.