Hukuncin Sauya Kalma a Fassarar Bidiyon Kamfe Don a Zargi Ɗan Takara da Wariyar Launin Fata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin New York, kuma na samu takardar zama ɗan ƙasa. Wasu matasa masu yi wa wani ɗan takarar shugaban ƙasa aiki sun kawo mini bidiyo na daƙiƙa 40 da aka yanko daga jawabin abokin hamayyarsa, suna so in ɗora masa murya da Hausa a yaɗa a zaurukan WhatsApp na mutanenmu, a kan dala 300. A ciki ya ce "waɗannan mutanen" sun lalata birane, su kuma suka ce in fassara da "baƙaƙen fata", tunda kowa ya san su yake nufi. Ni ma haka raina ya ba ni, amma ban ga cikakken jawabin ba. Wani abokina ya ce babu komai, domin wanda ba Musulmi ba ba shi da giba, kuma yaƙi ɗan zamba ne. Na karɓi rabin kuɗin, ban fara aikin ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka dakata ka yi tambaya alhali rabin kuɗin ya riga ya shiga aljihu. Haramcin wariyar launin fata ba sai na tsaya kawo maka dalili ba. Haka nan faɗakar da jama'a game da mai neman mulki da ya bayyana ta a fili, malamai sun sa shi cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. Karɓar lada a kan fassara ma halal ne. Tambayarka duka ta rataya a wuri guda: mutumin ya ce "waɗannan mutanen", an ce ka ce "baƙaƙen fata".

Wannan bai halatta ba. Tafinta mai ba da shaida ne a kan abin da kunnensa ya ji. Ka dubi Hajiyar da ta zo renon jikoki, ba ta jin Turanci ko kaɗan, an turo mata bidiyon tana tsaye a kicin. Tana kallon leɓen ɗan takara na motsi, tana jin muryarka a kansa. Abin da zai zauna mata shi ne ya buɗe baki ya furta, za ta ma iya rantsuwa a kai. Ka ga ka sa wa mutum magana a baki, ka kuma yaudari wadda ta amince da kai don jin harshenta a bakinka. Laifi biyu ke nan, kuma na biyun a kan Musulma ya faɗa.

Ban ce zatonka ba shi da tushe ba. Siyasar Amurka ta daɗe da sanin habaici. A zaɓen 1988 tsakanin George Bush babba da Michael Dukakis, wata ƙungiya mai goyon bayan Bush ta sa tallar talabijin da hoton William Horton, baƙar fata da ke zaman ɗaurin rai da rai a jihar Massachusetts saboda kisa. An ba shi hutun ƙarshen mako daga kurkuku a 1986, ya ƙi komawa, a 1987 ya yi wa wata mata fyaɗe a Maryland. Duk wannan ya faru, kuma Dukakis yana gwamnan Massachusetts ya kare tsarin hutun, ko da yake tun 1972 aka kafa shi, zamanin wani gwamna ɗan jam'iyyar Bush. Babu inda tallar ta ce "baƙar fata". Hoton fuskarsa ne ya yi aikin, shi ya sa har yau ake kafa misali da ita. Lee Atwater, shugaban kamfen ɗin Bush, ya nemi afuwar Dukakis a 1991, dab da mutuwarsa, a kan wasu kalaman da ya yi a wannan yaƙin neman zaɓe.

Shari'a ma ba ta ɗauki habaici abin wasa ba. Imamu Malik ya ruwaito cewa wasu mutum biyu sun yi zage-zage a zamanin Sayyidina Umar, ɗaya ya ce, "Wallahi ubana ba mazinaci ba ne, uwata ma ba mazinaciya ba ce." Umar ya yi shawara da sahabbai, wani ya ce ai yabon iyayensa ya yi, wasu suka ce iyayensa suna da abin yabo ban da wannan. Sai Umar ya yi masa bulala 80. A kan haka mazhabarmu ta Malikiyya take tsayar da haddin ƙazafi a kan gugar zana idan alamu sun nuna manufa, Hanafawa da Shafi'awa kuwa ba sa tsayarwa. Amma ka lura da yadda aka yi. Lafazin mutumin aka kawo gaban Umar yadda ya fito, aka san a wane hali aka faɗe shi, sannan aka yi hukunci. Da masu shaida sun zo sun ce "ya ce uwar wane mazinaciya ce" don sun fahimci haka yake nufi, da shaidar zur suka bayar. Kai kuma ko halin da aka yi maganar ba ka sani ba, tunda daƙiƙa 40 kaɗai aka nuna maka.

Maganar abokinka ita ce zan ɗan tsaya a kanta, domin ta yaɗu a bakin matasa. Da farko, ya haɗa giba da ƙage wuri ɗaya. Giba ita ce ambaton abin da ke tare da mutum. Jingina masa abin da bai faɗa ba ƙarya ce da ƙage, kuma ƙarya haramun ce saboda kanta, ko a kan wa aka yi ta. Ko gibar ma, malamai da dama sun bayyana cewa haramun ce a kan wanda ba Musulmi ba matuƙar akwai alkawarin zaman lafiya tsakani, saɓaninsu yana kan wanda ake yaƙi da shi ne. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ayar tana magana ne a kan maƙiya, ba ta ware addininsu ba. Abu Sufyana yana mushiriki, yana gaba da Annabi (SAW), Hiraƙlu sarkin Rum ya yi masa tambayoyi game da Annabi, daga baya Abu Sufyana ya ce kunyar kada a ɗauko ƙarya daga bakinsa ce ta hana shi yi masa ƙarya. Bai kamata Musulmi ya gaza wannan ba.

Hadisin "yaƙi yaudara ne" ingantacce ne, amma a fagen daga yake. Imamu Nawawi ya ce yaudara a yaƙi ta halatta sai fa idan akwai warware alkawari ko aminci a cikinta. Kai ka ɗaga hannu ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, zaɓe kuwa gasa ce tsakanin mutanen da suka yarda da ƙa'ida ɗaya. Sannan a tambayi abokin naka, wa ake yaudara a wannan bidiyo? Ɗan takarar ba ya jin Hausa, wataƙila har abada ba zai san an yi ba. Mutanen masallacinku ne za su sha zambar.

Abin da za ka yi shi ne ka nemi cikakken jawabin. Tashar C-SPAN tana ajiye irin waɗannan jawabai ba yanka. Ka saurari aƙalla minti biyar kafin wurin da aka yanko da minti biyar bayansa, ka gano "waɗannan mutanen" ga wa take komawa, domin sau da yawa sunan da take nufi yana cikin jimlar da aka datse: ko magadan gari na wata jam'iyya, ko 'yan daba, ko baƙin haure. Ka tabbatar da ranar jawabin, don ana ɗauko tsohon bidiyo a ce na jiya ne, ka kuma gwada muryar da wani faifan na daban saboda muryoyin bogi da ake haɗawa da kwamfuta yanzu. Idan ya tabbata, ka fassara lafazinsa yadda yake. Bayan maganarsa ta ƙare, a sauke hotonsa, sai ka fito da muryarka ka ce, "A fahimtata baƙaƙen fata yake nufi, ga dalilaina." Wannan ya halatta, kana ma da lada idan nasiha ka nufa. Ka tsaya a kan siffanta maganar da abin da take haifarwa, ka bar abin da ke cikin zuciyarsa, sai fa idan ya maimaita ya bayyana har shakka ta kau.

Idan matasan suka ƙi wannan sharaɗi, ka mayar musu da dala 150 ɗinsu, domin ba a ƙulla ijara, wato yarjejeniyar aiki da lada, a kan aikin haram. Ka kuma tambaye su wa ke biyan kuɗin. Dokar ƙasar tana buƙatar tallar kamfe ta bayyana wanda ya biya ta, kuma ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba, ba kuma mai katin zaman dindindin ba, sa kuɗi a zaɓe. Kada muryarka ta hau abin da ba ka san mai shi ba.

Ina jiye maka wani abu ban da wannan. A muhawarar 10 ga Satumba 2024 a Filadelfiya, Donald Trump ya ce baƙin da suka shigo garin Springfield na jihar Ohayo suna cin karnuka da kyanwoyin mutane, ana nufin 'yan Haiti. Da aka bi salsalar labarin, sai ga shi daga wani rubutu a Facebook na matar da ta ji daga maƙwabciya, ita ma ji ta yi daga wani. Hukumomin garin sun ce ba su da wani rahoto abin dogaro, amma barazanar bam ta sa aka yi ta kwashe yara daga makarantu. Waɗanda abin ya faɗa wa baƙi ne baƙaƙen fata kamarka. Ranar da aka yi wa mutanenku irin wannan, jarinku kaɗai shi ne a san ba kwa ƙara gishiri. Idan wani yaro mai jin Turanci da Hausa ya ɗora fassararka kusa da asalin jawabin, daga ranar ko gaskiya ka faɗa za a ce a bari a bincika.

Kuma ka kula da zaurenku. Wanda ya zaɓi ɗan takarar can cikin 'yan'uwa, wataƙila haraji ya duba ko tarbiyyar yara a makaranta, kada a kira shi bawan Turawa ko maci amana, wannan giba ce ta Musulmi wadda babu saɓani a kanta. Idan kai ne mai kula da zauren, ka goge irin wannan saƙo, ka kira mai shi a waya ku yi magana ku biyu.

Wallahu a'alam.